Waƙoƙin Malam Sidi Arba'in da Bakwai

Kontagora,
4 ga Maris, 1996.

Zuwa ga ɗana Muhyiddin,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Zulaihatu da jaririyarku. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya taso mu gaba tun ba a shirya masa ba. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta. Baffa Jinaidu ya sha fama da tari cikin azumi, amma ya warware har ya koma jan salla.

Ga kwamfutata nan na ba Haggai direba ya kawo maka shagonku. Na naɗe ta da bargo biyu, na ce ya ajiye ta a gaba kusa da shi, in ya kuskura ya haɗa ta da buhunan doya to ni da shi ne.

Ka san abin da ke cikinta, amma bari in maimaita don kada wata rana ka ce ban faɗa ba. Waƙoƙin mahaifina Malam Sidi ne, guda arba'in da bakwai. Shekara huɗu ke nan ina juyar da su daga ajami zuwa boko, kullum in na taso daga ofishin makaranta, tun lokacin da Malama Magdalena ta bar mini na'urar za ta koma ƙasarsu. Ba ta bar mini firinta ba, kuma duk garin nan ban sami wadda ta dace da ita ba. Bakin da ake sa faifai ma ya lalace tun bara. Ka ga ke nan ba ni da ko shafi ɗaya a wani wuri, komai yana cikin cikinta.

Ka ce shagonku zai karɓi tsohuwar ya musanya mini da irin ta zamani wadda masu maɗaba'a ke aiki da ita, kai kuma ka kwashe komai ka zuba a sabuwar. Na yarda. Sharaɗina ɗaya ne tak: kada a taɓa tsohuwar, kada a ba kowa, sai an tabbatar kowace waƙa ta haye lafiya, daga bisimilla har tammat.

Ga dalili. Takardun Malam na asali sun gama yawo. Gara ta ci wasu, ruwan rufi ya taɓa wasu, in ka ɗaga ɗaya sai gefenta ya zube kamar garin rogo. Rannan Baffa ya tsinci ɗan guntu a tsakar gida mai sunan Allah a kai, kaza tana takawa. Wallahi ranar bai ci abinci ba. Ya ce alhaki ne a kanmu, a binne su yadda ake yi wa tsofaffin takardu masu ayoyi. Ni ce na roƙe shi ya dakata sai aikinka ya kammala. Ya dakata, amma kullum sai ya tambaya.

Burina littafin ya fito kafin Maulidi, lokacin Malam zai cika shekara goma da rasuwa. Amma kada ka ce gaggawa nake so. Na san ka tun kana gidanmu kana sakandare, kai ne mai kai loma baki tuwo yana tururi, sannan ka zo kana hura harshe. Wannan aikin ka bi shi a hankali.

Ka gaida Zulaihatu. Akwai kuka da daddawa a cikin kwalin, nata ne, ba naka ba.

Gwaggonka,
Maiturare.

*

Kaduna,
25 ga Maris, 1996.

Zuwa ga Gwaggo,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ina gaishe ki, ina gaida Baffa, Allah ya ƙara masa lafiya. Mu duk lafiya, Hadijatu ta fara zama da kanta. Zulaihatu na godiya, ta ce daddawar Kontagora daban ce.

Kwamfuta ta iso kalau. Haggai ya miƙo mini ita yana cewa, "Karɓi amaryar gwaggonka, tun daga Tegina ban iya sa giyar mota da kyau ba saboda ita."

Gwaggo, aikin ya ɗan fi yadda na zata, amma ba abin damuwa ba ne. Da farko na so in ɗauke komai gaba ɗaya, har da sistem, wato shirin da ke tada na'ura ya tafiyar da ita, in dasa a sabuwar don ki tarar da komai yadda kika saba. Na kunna, allo ya yi baƙi ƙirin. Solomon, babban injiniyanmu, ya yi ta dariya. Ashe ƙwaƙwalwar da ke cikin taki, wadda muke ce wa firosesa, ba jinsi ɗaya ba ce da ta sabuwar. Umurnin da aka rubuta wa waccan, wannan ba ta gane ko ɗaya. Kamar dai ki miƙa wa wanda boko kaɗai ya yi takardar ajami ne, yana ganin baƙi amma ba zai karanta ba.

Don haka sai na sa wa sabuwar sistem irin nata, sannan in haɗa su biyun da waya in janyo rubutun kawai, fayil bayan fayil. Wayar ce babu a Kaduna, na ba da saƙo a Legas. Da ta iso, aikin wuni ɗaya ne.

Maganar sharaɗinki kuwa, haba Gwaggo! Malam ne ya ɗora ni a kan allo. Ko ba ki faɗa ba, ai ba zan yi wasa da kayansa ba. Ki kwantar da hankalinki, ki ce wa Baffa ya ƙara haƙuri kaɗan.

Ɗanki,
Muhyiddin.

*

Kaduna,
6 ga Mayu, 1996.

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa, da barka da Sallah. Muna lafiya. A tsaye nake rubutu don motar Haggai ta cika.

Albishirinki! Waya ta iso, aiki ya kammala yau da hantsi. Waƙa arba'in da bakwai cif, ga su nan a jere a sabuwar kwamfuta, na ƙirga sau biyu. Na ga bisimillar Malam a kan sabon allo da idona. Cikin satin nan zan kai faifai maɗaba'a, sannan in aiko miki da sabuwar.

Muhyiddin.

*

Kontagora,
13 ga Mayu, 1996.

Ɗana Muhyiddin,

Assalamu alaikum. Madalla, madalla! Allah ya yi maka albarka, ya raya Hadijatu ta yi maka abin da ka yi mana. Muna lafiya, ruwa ya sauka, mutane duk sun watse gonaki. Gwiwar ma da na karanta takardarka mantawa na yi da ita, na tashi na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki, har Ruka maƙwabciyata ta leƙo tana tambaya wa ya haihu.

Na karanta wa Baffa. Ya ɗaga hannu ya daɗe yana yi maka addu'a. Da ya shafa sai ya ce, "To Maiturare, uzurinki ya ƙare." Na ce a bari sabuwar ta iso in gani da idona. Ya ce, "Yaron da Malam ya rena da hannunsa ya rubuto ya ce ya ƙirga sau biyu. Shaidar wa kuma kike jira?" Ka san ba a ja da Baffa. Ga damina, ɗakin Malam ya fara yoyo ta kusurwar gabas, kullum da sabon guntu a ƙasa.

Ya sa rana: Juma'a, 31 ga wannan wata, bayan an sauko daga masallaci, za a binne takardun. Na roƙi wannan ɗan tsakanin ne da gangan. Idan akwai wani abu, ko baiti ɗaya ne ka ga bai fito sosai ba kana so a duba a asali, ka aiko kafin ranar. Haggai yana zuwa Kaduna sau uku a sati. Idan ban ji daga gare ka ba, na san komai daidai ne.

Ka gaida mai ɗakinka.

Gwaggonka,
Maiturare.

*

Kontagora,
24 ga Yuni, 1996.

Muhyiddin,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya, don shirun ya yi yawa. Mu nan lafiya, sai zazzaɓi da ya kwantar da ni kwana huɗu, na tashi.

An binne takardun ranar da aka sa. Ni na naɗe su a farin alawayyo, ni na ɗauko su daga ɗakin Malam na miƙa wa Baffa da hannuna. An haƙa rami a bayan gida, gindin dalbejiya. Baffa ya zuba musu ruwa buta uku don tawadar ta narke da wuri ta koma ƙasa, sannan aka rufe aka ɗora dutse. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, don rubutun hannunsa ne, har da inda yake karkacewa bayan idonsa ya fara rauni. Amma na ce wa raina maganar tana nan a Kaduna, takarda ce kawai ta tafi.

To ina sabuwar kwamfutar? Ka ce cikin sati. Yau sati bakwai ke nan. Me masu maɗaba'a suka ce? Na tambayi Haggai ko takardata ta 13 ga Mayu ta ɓace a hanya, ya rantse ya ce hannu da hannu ya ba ka a tasha, a gabansa ka buɗe. Ya ce tun daga nan in ya je shagonku sai a ce ka fita.

Idan Hadijatu ce ba lafiya, ko wata matsala ce a wurin aiki, ka faɗa mini. Ni ba baƙuwa ba ce.

Gwaggonka,
Maiturare.

*

Kontagora,
15 ga Yuli, 1996.

Muhyiddin,

Sallama. Muna lafiya.

Saura sati biyu Maulidi. Baffa ya riga ya faɗa wa jama'a a masallaci cewa littafin Malam yana tafe. Mutane daga Bangi har Mashegu suna aiko da saƙo a ajiye musu nasu.

Haggai ya ga Zulaihatu a kasuwa da yarinya a baya, lafiyarsu lau. Ya ce da ta hango shi sai ta sauya layi. Ke nan ba ciwo ba ne.

Ni ba yarinya ba ce, Muhyiddin. Shekarata ashirin da shida ina buga takardun ofis, na san yadda shirun mai laifi yake. Ka rubuto.

Maiturare.

*

Kaduna,
29 ga Yuli, 1996.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Lafiyar jiki muna da ita. Ban san ta inda zan fara ba. Zulaihatu ta ce in ban rubuta yau ba ita za ta hau mota ta zo ta faɗa miki da bakinta.

Waƙoƙin ba su haye ba.

Ranar 6 ga Mayu da na janyo su, na ga sunayensu arba'in da bakwai a jere. Na buɗe ta farko, na ga bisimilla da baitin buɗewa. Na buɗe ta biyu, haka. Ban gangara ƙasa ba. Murna ta ɗebe ni, mota tana shirin tashi, na rubuta miki. Da la'asar ɗin ranar wani mai hoto ya zo daga Jos yana neman irin tsohuwar taki. Mai shagonmu ya ce tunda aiki ya gama a share ta a ba shi. Na tuna sharaɗinki, Gwaggo, wallahi na tuna. Amma na ce a raina ai na gani da idona. Ni na goge faifan cikinta, ni na sa mata sabon sistem, ya ɗauka ya tafi.

Ranar 9 ga wata na kai faifai maɗaba'a. Suka buga gwaji suka miƙo mini shafi arba'in da bakwai, kowane da layi uku a sama, sauran fari fat.

Solomon ne ya gano dalili. Kin rubuta bisimilla da baitin buɗewa da manyan baƙaƙe. A daidai inda kika koma ƙanana, tsohuwar tana ajiye wata ɓoyayyar alama da ido ba ya gani. Ita kuwa sabuwar, duk inda ta ci karo da wannan alamar sai ta ɗauka takarda ta ƙare, ta daina karɓa. Da na san haka, da tun a tsohuwar zan maida rubutun zalla, aikin rabin sa'a. Da ma girman fayil ɗin kawai na duba, da na gane.

Takardarki ta 13 ta same ni ranar 15. A tasha na karanta. Na ce zan gyara kafin 31, ba sai kin ji ba. Na nemi mai hoton, ban same shi ba sai ranar 25. Na je Jos da Solomon. Mutumin ya riga ya cika faifan da ayyukansa, sun hau kan na Malam. Solomon ya wuni a kai, ya ce ko a ƙasar da aka ƙera ta ba za a samu ba.

Na dawo saura kwana shida. Na ɗauki biro ya fi sau biyar. In na tuna Baffa ya ɗaga hannu yana yi mini addu'a, sai in kasa. Na riƙa ce wa kaina wataƙila ya ɗaga ranar, wataƙila ki hana. Ranar Juma'ar ban iya zuwa masallaci ba.

Ba ni da hujja. Kunya ce ta kama ni. Sabuwar kwamfutar tana nan, ga kuma shafukan arba'in da bakwai na haɗo da wannan takarda. Ki yafe mini don Allah, don darajar Malam.

Ɗanki mai laifi,
Muhyiddin.

*

Kontagora,
12 ga Agusta, 1996.

Muhyiddin,

Wa alaikumus salam. Ka ce kuna lafiya, to madalla. Ni ma da sauƙi. Ka gaida Zulaihatu, ka ce na gode, ita ce ta yi abin da ya kamata namiji ya yi a gidanku.

Sati biyu na ɗauka kafin in amsa, don da na rubuta a ranar, da na faɗi abin da zai biyo ka har ƙarshen rayuwarka, ni kuwa ba na so bakina ya kama ɗan wani.

Washegarin zuwan takardarka Baffa ya tafi ta'aziyya Bangi. Na ari fartanyar Ruka, na ture dutsen, na haƙa da kaina da wannan gwiwar. Wata biyu ruwa yana sauka a wurin. Alawayyon ya ruɓe. Abin da na tarar baƙin taɓo ne, gara ta yi gida a ciki. Na sa hannu na dama har gwiwar hannu ina laluben ko da rabin shafi. Babu. Na maida ƙasa, na maida dutse, na wanke hannuna, ruwan ya fita baƙi.

Na karanta shafukan da ka aiko, duka. Ka san abin da ya rage? "Da sunan Allah nake farawa, tsira ga Manzo da alayensa." Sau arba'in da bakwai, da ɗan sauyi nan da can. Wannan ai kowane malami da ya taɓa riƙe alƙalami haka yake buɗe waƙa. Inda Malam yake fara zama Malam, inda yake yi wa masu tauye mudu a kasuwa tatas, inda yake kukan mahaifiyata, daidai nan na'urarka ta tsaya.

Na zauna gaban tafiretar ofis ina ƙoƙarin tuno su. Ni da na buga kowane baiti da yatsuna, na ɗauka suna kaina. Ashe ban haddace ba, don na san suna cikin akwati. Na sami baiti biyar nan, uku can, wani rabinsa ya zo rabi ya ƙi. Na bi tsofaffin matan da suka yi karatu a gidanmu, sun riƙe biyu da ake rerawa a Maulidi. Biyu cikin arba'in da bakwai.

Yanzu ka saurare ni da kyau. Kuskuren waya ban riƙe ka da shi ba. Na sha ɓata takarda a ofis, hannu yana kuskure. Ko goge tsohuwar da ka yi bayan ka ba ni alkawari, ya yi mini ciwo, amma da zan haɗiye, don a lokacin takardun Malam suna nan a ɗakinsa, da sai in sake shekara huɗu in Allah ya ba ni rai. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne daga 15 zuwa 31. Kwana goma sha shida, Muhyiddin! Takardata tana aljihunka, ka san rana, ka san sa'a. A cikin kwanakin nan Haggai ya je Kaduna ya dawo sau bakwai, na ƙirga. Kalma uku kawai: "Gwaggo, a dakata." Ba sai ka yi bayani ba. Ko baki ka aiko da shi, da ya isa.

Ka ce kunya. Kunyar wa? Ka auna fuskarka da aikin shekara arba'in na mutumin da ya ciyar da kai ya karantar da kai, ka ga fuskarka ta fi nauyi. Ka bar ni na ɗauko su da hannuna na miƙa, ina kuka ina yi maka addu'a a zuci. Wannan ba kuskure ba ne, cin amana ne, kuma da sunansa zan kira shi.

Kada ka aiko da sabuwar kwamfutar. Ba ni da abin zubawa a ciki.

Ka nemi yafiya. Tawa tana hannun Allah, in ya sanyaya mini zuciya wata rana zan faɗa maka, yau dai ban iya ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ba ni kaɗai ke da haƙƙi ba. Baffa bai sani ba. Maulidi ya zo ya wuce, na ce masa an sami jinkiri. Kullum in ya dawo sallar asuba sai ya tsaya a ƙofata ya ce, "Maiturare, yaron nan ya aiko?" Shekararsa tamanin da ɗaya, Malam ne kaɗai ɗan'uwansa, kuma shi ya zuba ruwan da hannunsa a kan shaidarka.

Ni ba zan faɗa masa ba, kuma ba za ka faɗa masa a takarda ba, don ba ni zan karanta masa ba. Motar Haggai tana tasowa daga Kaduna ranar Alhamis da safe, na ce ya ajiye maka kujera. Baffa yana zama a zaure bayan la'asar. Ka zo ka durƙusa a gabansa, ka fara tun daga ranar 15.

Maiturare Sidi.